Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Yadda Na Gaji Rigar Mai Gadi

Assalamu alaikum, masu karatu. A makon jiya na tsaya ne a lokacin da ƙungiyar konsat (wato wasan kwaikwayo mai haɗe da kiɗa da waƙa da ake yawo da shi gari-gari a Gana) da mahaifina yake yi wa wasa take kan ganiyarta, lokacin da idan kakar koko ta kama, daga watan Oktoba zuwa Janairu, mukan yi makonni ba mu sa shi a ido ba, yana can cikin motar katako tare da makaɗa da kayan kiɗansu, yau suna Konongo, gobe Obuasi, jibi Dunkwa, suna wasa tun bayan isha'i har kusan kiran assalatu. Yau kuma zan kawo yadda wannan sana'a ta durƙushe a kan idona, da yadda na shiga harkar fim sanye da rigar da Baba ya shafe rabin rayuwarsa yana sawa a kan dandamali.

Ranar 31 ga Disamba, 1981, Jerry Rawlings ya kifar da gwamnatin Hilla Limann, aka kafa dokar hana fitar dare wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu. Konsat kuwa sana'ar dare ce, domin da rana manomi yana gona, 'yar kasuwa tana rumfarta, babu mai lokacin zama ya kalli wasan awa biyar. Sun gwada yin wasan la'asar, amma abin da ake samu a ƙofa bai isa ko man mota ba. Ana cikin haka sai shekarar 1983 ta zo da fari da gobarar daji wadda ta cinye gonakin koko da na abinci, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a farkon shekarar. A unguwarmu ta Aboabo da ke Kumasi da wuya ka sami gidan da bai karɓi wanda ya dawo daga Legas ba, kuma da masarar agaji mai launin rawaya aka yi ta tuƙa tuwo. Kafin a ɗage dokar a 1984, 'yan ƙungiyar su Baba sun watse, wasu sun tafi Abijan, wasu Jamus, wasu kuma sun koma kaɗa jita a coci. Kawuna, wanda shi ne makaɗin gangarsu, ya koma tuƙin tasi. Baba ya koma rumfar ƙanensa yana tsince goro yana jera shi cikin ganye ana ɗaure huhu, mutumin da a dā idan ya fito mata ke tasowa suna manna masa kuɗi a goshi.

Dole in yi bayanin irin rawar da yake takawa, domin a kanta labarin yau ya ginu. Wasan konsat da Tonanci (harshen Tonawa, wato Ashantawa) da Fantanci ake yinsa, kuma yana da mutanensa da kowa ya sani: akwai ɗan barkwanci, akwai attajiri mai kwat da sanda, akwai muguwar kishiyar uwa, akwai marainiya, kuma na tsawon shekaru maza ne suke shigar mata. Daga gefe kuma akwai baƙo, mutumin arewa ko ɗan Zongo, unguwarmu ta Hausawa da sauran baƙi Musulmi, wanda kan fito a matsayin ɗan sanda ko lebura ko mai gadi, yana kwaɓa Tonanci ana dariya. Wannan shi ne gurbin Baba. An haife shi a Kumasi, Tonancinsa ya fi na wasu Tonawan daɗi, har karin maganarsu yake jerowa, amma da zarar ya hau dandamali sai ya karya harshen kamar jiya ya sauko daga mota. A Zongo ba a ga laifinsa sosai kan zama ɗan wasa ba, tun da an san mahaifinsa ɗan kama ne da ya biyo fataken goro daga ƙasar Kano, mutane sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi yi wa wasu zafi shi ne, a ganinsu, da mu yake sa a yi dariya. Ni ma abin yana ci mini rai, musamman idan 'yan ajinmu suka tare ni suna kwaikwayon maganarsa.

Wata rana, ina saurayi, muna rufe rumfa, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, me ya sa kullum kai ne mai gadi, kuma kullum sai ka karya harshe?" Bai amsa mini ba. Bayan mun yi sallar isha'i sai ya ɗauki ƙwaryar goro fari, ya ce in biyo shi, muka taka har Adum, inda manyan kantuna suke. A gaban wani kanti muka iske wani tsoho mutumin ƙasar Sakkwato zaune a kan buzu, sanye da doguwar rigar sanyi irin ta soja, ga kurfoti da garwashi a gabansa, ga buta, ga gora a jingine, ga ɗan rediyo yana ta shuu yana neman tashar Kaduna. Baba ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da dare." Tsohon ya ce, "A'a, Mai Konsat, kai ne da daren nan? Wannan ɗan namu ne?" Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka fasa goro, hira ta ɓarke.

A daren nan na ji cewa tsohon nan ya yi yaƙin Bama a rundunar sojan Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a zamanin da Hausa ce harshen bariki, da ita Bafrafre da Bazabarme da Bamoshe suke fahimtar juna. Ya ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da ɗaukar kaya a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga, da alkawuran da Turawa suka yi musu na aiki da fansho mai tsoka waɗanda suka zama iska bayan an dawo. Ya ambaci ranar 28 ga Fabrairu, 1948, da aka harbe tsofaffin soja uku a Akra suna kan hanyar kai kukansu ga gwamna. Ya ce da yawa daga cikin abokansa gadi suka kama, domin shi ne aikin da ake ba wanda ya iya tsayuwar dare kuma ba ya tsoro.

A hanyarmu ta komawa Baba ya ce, "Babana," domin sunan mahaifinsa aka sa mini, "ka lura da zamansa? Bai taɓa juya wa ƙofar kantin baya ba. Yana hira da mu, amma kunnensa yana kan titi, ko kyanwa ta gifta sai ya ɗan tsagaita. Tonancinsa a karye yake don da girmansa ya koya, amma harshe biyar yake ji, mai yi masa dariya kuwa ɗaya ya iya. Idan an ce in karya harshe zan karya, don haka mutumin yake magana. Hankalinsa ne ban taɓa yarda in karya ba."

Daga baya kawuna ya fayyace mini yadda Baba yake cika wannan magana. Konsat ba shi da rubutaccen labari. Shugaban ƙungiya kan zayyana yadda labarin zai tafi, kowa ya cike nasa gurbin da bakinsa, kuma ta wannan kafa Baba yake shiga. Za a yi dariyar Tonancinsa a fitowar farko, amma idan kishiyar uwa ta kori marainiya cikin dare, mai gadin ne zai shimfiɗa mata buzu kusa da wuta, ya raba kokonsa da ƙosai biyu, kuma idan gaskiya ta tashi fitowa a ƙarshe daga bakinsa take fitowa, tun da babu mai shiga ko fita gidan bai gani ba. Shugaban ƙungiyar bai hana shi ba, domin ya ga a daidai nan ne 'yan kallo suka fi zubar da hawaye da kuɗi.

Ana nan sai zamanin bidiyo ya shigo. Hukumar fina-finai ta ƙasa, wadda ta samo asali tun zamanin Turawa kuma Nkrumah ya bunƙasa ta, ta kai ga ba ta iya sayen fim na silima saboda tsadar kuɗin waje, sai a yi shekaru ba a ga sabon fim ɗin Gana ba. A unguwanni kuwa gidajen kallo sun cika, ɗaki ne da benci da talabijin da janareta, ana nuna na Indiya da na 'yan Sin masu faɗa. A 1987 William Akuffo ya ɗauki wani fim mai suna Zinabu da kyamarar bidiyo ta VHS, ya nuna shi a silima a Akra, jama'a suka yi dafifi. Daga nan duk mai ɗan jari da kyamara ya zama furodusa, kafin a jima ana fitar da fina-finai gommai a shekara. Mu a Zongo mun yi murna da ganin unguwanni da motocin da muka sani a allo, amma ba mu kasa lura da cewa mayyar da ke cikin fim ɗin Zinabu sunan 'ya'yanmu aka ba ta ba.

A lokacin ina yaron wani mai ɗaukar bidiyon biki, ina riƙe masa fitila da waya a wurin ɗaurin aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani da hawan Gangara bayan sallah, da dare kuma muna wasan kwaikwayo a ƙungiyar samarin unguwa. A farkon shekarun 1990 wani furodusa daga Akra ya zo ɗaukar fim a wani katafaren gida a Nhyiaeso, yana neman mai gadi, aka kwatanta masa Baba. Baba kuwa ƙafa ta riga ta matsa masa, ba ya iya doguwar tsayuwa, sai ya ce wa ɗan aiken, "Ga ɗana nan, ku tafi da shi." Ya sa aka buɗe akwatin ƙarfensa, ya ciro rigar sanyin da ya saya a gwanjo tun kafin a haife ni, da jar dara da ta koɗe, da tocila, ya miƙo mini. Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, tana bakin murhu ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai wannan, ka dai tuna gidan da ka fito."

Abin da na tarar a wurin ɗauka ya bambanta da duk abin da na sani. Kyamara ɗaya ce, fitilu biyu, da makirfo da aka ɗaura a kan sanda, kuma ana yin fim ɗin da Turanci. Kowa yana da takardar maganarsa ban da ni, domin mai gadin ko suna ba shi da shi, Aboki kawai ake kiransa. Darakta ya ce abin da ake so shi ne in yi barci a bakin ƙofa ina minshari, ɓarayi su tsallake ni, da safe mai gida ya mare ni, in faɗi ina birgima ina roƙo. Ya ƙara da cewa, "Ka yi irin na babanka." Na gane nan take cewa bai taɓa kallon wasan Baba har ƙarshe ba. Cikin ladabi na ba da shawarar a bar mai gadin ya ga wanda ya buɗe ƙofar daga ciki, ko da zai yi shiru don tsoron rasa aikinsa. Ya ce ba shi da kaset ɗin ɓatawa, man janareta kuma da kuɗi ake saye.

Wanda Allah ya haɗa ni da shi a wurin shi ne mai ɗaukar hoton, wani Bafante da ya yi karatu a makarantar koyon aikin fim da talabijin ta NAFTI, wadda aka kafa a Akra a 1978. Da ya ga gwajina na farko sai ya ja ni gefe, ya ce muryar da nake ɗagawa da hannun da nake watsawa na wanda ke son mutumin da ke bencin ƙarshe ya gan shi ne, alhali kyamara tana tsaye a gaban hancina, ko ƙifta ido na yi ta gani. Ya sa na leƙa ta cikin kyamarar na ga fuskar wani ta cika allon. Wannan darasi Baba ba zai iya ba ni shi ba, domin bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma na daɗe ina fama kafin jikina ya saba da rage abin da aka raine ni a kan ƙarawa.

Barcin dai na yi shi kamar yadda aka ce. Da aka zo wurin mari, mutumin da ya fito a mai gida ya sauke mini hannu da gaske, dara ta faɗi ƙasa. Ban yi birgimar ba. Na sunkuya na ɗauki hular, na kaɗe ƙurarta a gwiwata, na mayar da ita kaina na daidaita, sannan na ɗago na dube shi ban ce komai ba. Darakta ya daka tsawa a sake, amma mai ɗaukar hoton ya ce rana ta riga ta juya, batir kuma ya yi ƙasa, ga sauran fitowa uku ba a ɗauka ba. Haka aka bar shi. Kuɗin da aka yi mini alkawari bai fi na buhun shinkafa ba, rabi aka ba ni a hannu, sauran har yau, kuma da fim ɗin ya fito babu sunana a jerin 'yan wasa.

Da kaset ɗin ya iso gidan kallon unguwarmu, na riƙo hannun Baba muka je, aka ba shi kujera a gaba. Da aka zo wurin hular sai ɗakin ya yi tsit, sannan wani daga baya ya ce, "Allah ya isar maka, Baba!" Da muka fito ina jiran in ji abin da zai ce, sai ya ce, "Babana, ka riƙe tocila da hannun dama. Mai gadi a hagu yake riƙe ta, dama ta gora ce. Kuma ka zauna ka ba ƙofa baya." Bai ce komai kan hular ba, sai daga bakin kawuna na ji cewa washegari ya ba duk wanda ya zo sayen goro labarinta.

Bayan wannan na fito a mai gadi a fina-finai da dama, wani lokaci mai sayar da tsire, wani lokaci direba, kuma a kowanne ina neman 'yar kafar da zan bar wa mutumin mutuncinsa. Sai wani salo ya kunno kai a tsakiyar shekarun 1990, na fina-finan kuɗin tsafi, inda mai neman dukiya kan je wurin boka ko malam, a ƙarshe fasto ya zo ya karya asirin. Wani furodusa ya kira ni ya ce ya gaji da ganina a bakin ƙofa, zai ba ni babbar rawa da kuɗi ninki uku. Da na je sai na ga kayan da aka tanada: rawani, carbi, allo da tawada, buzu, a gefe kuma ƙoƙon kan mutum na roba da jan ƙyalle. Malamin zai riƙa karanto wani abu mai kama da Larabci yana neman a kawo masa jinin yaro.

Na ce a ba ni kwana biyu, na kai maganar gaban Baba. A lokacin matata tana da tsohon ciki, kuɗin haya kuma ya taru, kuma Baba ya san da haka. Ya daɗe yana juya goro a hannu, sannan ya ce, "Mai gadi talaka ne, talauci kuwa ba abin kunya ba ne, shi ya sa na sa rigarsa. Wannan kuwa rigar malaminka ce za a ba ka ka yi ƙarya a cikinta. Allon nan da shi ka yi karatu. Ban hana ka ba, kai ma yanzu mai gida ne, amma ka san da idon da za ka dubi Malam ranar Juma'a." Na koma na ba furodusan haƙuri. Ya ce akwai mutum goma a waje da za su karɓa, kuma gaskiya ya faɗa, domin wani ya karɓa, aka naɗa masa rawanin a karkace. Labari ya zaga cewa ina da taurin kai, aiki ya ɗauke mini na tsawon lokaci, na koma riƙe fitilar biki.

Ina so a fahimce ni a nan. Ban ce babu 'yan damfara masu fakewa da rawani ba, akwai su a Kumasi da Akra, kuma fim yana da haƙƙin tona musu asiri. Damuwata ita ce a fim goma ba ka ganin malami sai wannan, ba ka taɓa ganin wanda ke tashi da asuba yana biya wa yara karatu ba tare da albashi ba, ko wanda ake tasa da tsakar dare ya sasanta miji da mata. Yaron da ya tashi a unguwar Tonawa irin Bantama bai taɓa shiga Zongo ba, daga allon nan yake sanin ko mu su wane ne. Kuma ba zan ɗora wa Tonawa laifin duka ba. Da yawa cikinsu sun riƙe ni da amana, har wata dattijuwar 'yar wasa ta taɓa tsayawa a gaban darakta ta ce ba za ta ci gaba ba sai an ba mai gadin suna. Mu ma muna da namu kason, domin attajiranmu masu motocin dakon kaya da masu fataucin shanu suna ganin fim shashanci ne, ba za su sa ko sidi ɗaya a ciki ba, sannan su zauna a majalisa suna ƙorafin yadda ake nuna mu.

A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na hukumar fina-finai ga wani kamfanin Malesiya, shekara ɗaya bayan haka tashar TV3 ta fara aiki, gidajen silima kuma suka riƙa komawa coci-coci da ɗakunan ajiya ɗaya bayan ɗaya. A daidai wannan zamani konsat ya farfaɗo a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Akra, ana nuna shi a talabijin, kuma daga nan irin su Agya Koo suka yi suna kafin su zama ginshiƙan fina-finan Tonanci na Kumasi. Baba yakan zauna ya kalla, yana faɗa mana wace barkwanci ce tsohuwa da kuma bakin wanda ya fara jin ta, amma farfaɗowar ta zo ne bayan ƙafarsa ta gama ajiye shi.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani direban babbar mota maƙwabcinmu, mai kai goro Kano, ya dawo da kaset-kaset a cikin jakarsa. Fina-finan Hausa ne, daga farko har ƙarshe. A tsakar gidanmu aka kunna na farko, mata suka cika gidan har zaure, kuma a karon farko na ga fim wanda attajirin Bahaushe ne, alƙalin Bahaushe ne, likitan Bahaushe ne, malamin kuma mutumin kirki ne da ake zuwa neman shawararsa. Ƙanwata, wadda tun tana ƙarama take kwaikwayon duk matan gidanmu, ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, mu me ya hana mu?" Kafin wata ya ƙare mun haɗa samari bakwai na ƙungiyarmu, mun fara zubin adashi don hayar kyamara, Baba kuma ya amince zai zauna a kujera ya riƙa gyara mana wasa.

Matsala biyu suka tare mu tun kafin a kunna kyamarar. Ta farko ita ce wace Hausa za mu yi, tamu ta Zongo wadda 'yan kallonmu suke ji a gida, ko ta Kano wadda muke ganin ita kasuwa za ta karɓa. Ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce wane uba ne a Aboabo ko Asawase zai bar 'yarsa ta fito a fim, alhali ita kanta ƙanwata an riga an kawo kuɗin gaisuwarta. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka kai maganar gaban iyayen mijin da za ta aura, da sharuɗɗan da suka gindaya mana.